Maganin da Ɓeraye Suka Samu, Yayata Ba Ta Samu Ba

Da kakar bana shekara talatin da huɗu ke nan da rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, saboda haka ɗiyata Binta ce ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa. Na ce mata kada ta gyara mini magana, kada kuma ta sa sunansa, tunda ban taɓa kama shi da bakina ba tun ranar da aka kai ni gidansu a Pauwa. Malam nake ce masa yana raye, Malam zan ce masa a jarida.

Duk wanda ya san shi, idan zancensa ya taso, sai ya ce mutum ne mai amana. Haka ne. Har yau idan na ga dattijo ya naɗe ƙafar wando zai hau keke sai hawaye ya zo mini, don haka yake yi. Amma akwai abin da ya tsaya mini a maƙogwaro tun ina da ƙarfina, ina so in fitar da shi kafin a kira ni. Na yi kishi a zamana da Malam, kishi mai zafi, kuma ba da mace ba. Da ɓeraye na yi shi, farare masu jajayen idanu, waɗanda ake kiwo a keji cikin ɗaki mai sanyi a Zariya.

Lokacin kuɗin mai ne. Samarin ƙauyenmu sun watse birni, masu leburanci da masu gadi, suna dawowa da rediyo da agogo, ana sauke jinka ana ɗora kwano. Malam ya yi firamare, mahaifinsa kuma ya san itatuwa, ya bar masa sanin. Wata rana Landiroba ta tsaya a Pauwa da wani Dakta Ba'indiye yana neman wanda zai shiga da shi daji ya nuna masa saiwoyi. Malam ya shiga da shi. Da rani ya zagayo suka sake zuwa, daga nan suka tafi da shi gaba ɗaya, ya zama ma'aikaci a ɗakin gwaje-gwajensu. Ni ina gida wurin iyayensa, shi yana zuwa ƙarshen wata.

Saiwar gwandar daji suka fi nema. Daga dajin Ƙanƙara zuwa na Faskari har gefen Sabuwa babu inda ba su tona ba. A tsakar gidanmu ake saukewa. Ni nake wankewa, in ɓare, in shanya a inuwa, don Malam ya ce rana tana cinye ƙarfinta. Ni nake dakawa. Turmina na fura ya ɗauki ɗaci har surukata ta yi faɗa, sai da ya sayo mini wani daban. A ɗura a buhu, mota ta kwashe. A can, in ji shi, sai a jiƙa garin cikin wani ruwa mai warin da ke hawa kai, a tace, a ɗiga shi ta cikin dogon gilashi a hankali, a sake tacewa, har abin da ake nema ya ware shi kaɗai. Sau ɗaya na gan shi da idona. Buhunan da na daka har kafaɗata ta sage, abin da ya fito bai rufe gindin 'yar kwalba ba, fari kamar gishirin kanti. Yana da suna mai tsawo na Turanci da harshena bai taɓa iya juyawa ba. Mu dai garin Malam muke ce masa.

Abin da suke nema shi ne ko garin zai iya da sankara, wadda yanzu aka fi kira ciwon daji. Da gangan ake sa wa ɓerayen ciwon, kumburi ya fito musu, sannan a riƙa yi musu allurar garin ana aunawa. Malam ne mai kula da su. In ya zo gida ba shi da zance sai nasu. Wannan ta ƙi cin abinci, waccan ta haihu, na kejin ƙarshe sun fi na farko kuzari. Ni kuwa da na yi laulayin Binta na daɗe ba na iya haɗiye tuwo, bai lura ba sai da mahaifiyarsa ta gaya masa. Na riƙa ajiye irin waɗannan a raina.

Wani zuwan ya shigo fuskarsa kamar an yi masa albishir da Hajji. Ya ce kumburin wasu ɓerayen ya fara raguwa, Dakta har rawa ya taka a tsakiyar ɗaki. Ya faɗa a zaure, ya faɗa a ƙofar masallaci, ni ma na faɗa a gidan suna da gidan biki, don mace ba ta ƙin a ce mijinta wani abu ne. Kafin damina ta ƙare, daga Pauwa har kasuwar Mairuwa an san Malam ya samo maganin sankara. Babu wanda ya tsaya kan maganar ɓera.

Yayata Hajara tana aure a Ruwan Godiya. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta koya mini daka da kaɗi, ita ta yi mini jere. Mace ce mai baki, ba ta barin magana ta kwana. Idan na kai mata ziyara sai ta ce, "Ina kika baro makiyayin ɓeran naki? Mazan mutane na kiwon shanu, ke naki wutsiya yake ƙirga." Amma a gabansa ba ta ko ɗaga ido, shi ma in ya zo gaishe ta daga bakin ƙofa yake durƙusawa, saboda kunyar da ke tsakanin mutum da yayar matarsa.

Ta daɗe da ƙullutu a nononta na hagu tana ɓoyewa. Sai da ya fashe ya fara wari ta nuna mini. Mijinta Malam Sani ya sayar da ɗan bijiminsa, muka hau mota ta Funtuwa zuwa babban asibiti a Zariya. Bazara ce. Muna jiran layi a baranda, ta rufe wurin da tsumma, ƙudaje na binta, gumi na zuba, Malam ya zo ya ce in zo in ga wurin aikinsa, ba nisa. Na bi shi.

Ana buɗe ƙofar ɗakin sanyi ya bugi fuskata, irin wanda ban taɓa ji ba. Na'ura ce ke hura shi dare da rana saboda kada zafi ya dami ɓeraye. Kowane keji da shimfiɗarsa ta diddigar katako mai tsabta, da kwalbar ruwansa, da abincinsa da aka auna. Malam ya sa farar riga, ya ɗauko ɗaya ya ɗora a tafin hannunsa. Tana da kumburi a gefen ciki kamar ƙwallon goruba ƙarami. Ya riƙa shafa bayanta da ɗan yatsa yana cewa, "Sannu, sannu, yau kin ji sauƙi ko?" Muryar nan na san ta. Da ita yake mini magana farkon aurenmu, na kuma daɗe ban ji ta ba.

Dakta ya shigo ya gaishe ni da 'yar Hausarsa. Na ce wa Malam, "Ka gaya masa yayata irin ciwon nan gare ta." Ya faɗa masa da Turanci. Dakta ya daina murmushi, ya girgiza kai, ya yi magana mai tsawo. Ni na ɗauka jaje yake mini. Na koma baranda na tarar da Yaya ta jingina da bango tana kore ƙuda da gefen mayafi. Ta ce, "Jikinki har sanyi yake. Ina kika je?" Na zauna gefenta na kama kore mata ƙudan.

Likitoci suka ce ciwon ya riga ya yaɗu, yanka ba zai yi amfani ba. Suka ba da maganin rage zafi, muka dawo. An tono saiwar gwandar dajin an dafa mata, ta sha har bakinta ya daina jin ɗanɗanon komai, ba abin da ya canza. Kowa ya ce ai ƙarfin yana cikin garin da aka tace.

A wurinmu mai magani ba ya ce wa dangi babu. Ko yana shakkar abin da ke hannunsa yakan bayar, ya ce a gwada, waraka ta Allah ce. Kuma babban abu ba a roƙonsa wurin yaro, wurin magabacinsa ake zuwa. Saboda haka Malam Sani ya yi abin da ya dace. Ya sayi ƙwaryar goro ya zo Pauwa wurin Baba Ilu, ƙanin mahaifin Malam, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar yayansa, ya roƙi a taimaka wa iyalinsa da garin. Baba Ilu bai ga abin tsayawa shawara ba. Ya karɓa, ya ce an ba ku, bayan la'asar ya raba goron a masallaci aka yi addu'a. Malam yana Zariya, bai san ana yi ba.

Ranar da ya dawo, tun bai jingine kekensa ba na tare shi da murna.

"Baba ya karɓi goro."

"Goron mi?"

Da na gaya masa sai ya zauna a kan turmi, ya riƙe kai. Daga baya ya tashi ya nufi zaure, ni kuma na laɓe a bayan zana.

"Baba, abin nan ba magani ba ne tukuna."

"Kai da bakinka ka ce ɓera ya ji sauƙi."

"Kumburin ne ke raguwa. Amma da yawansu hantarsu ke lalacewa, su mutu tun ciwon bai kashe su ba. Ba mu san abin da jikin mutum zai ɗauka ba. Kuma ba nawa ba ne, amana ce."

"Saiwar wa? Dajin wa? Ɗan'uwana ya nuna maka ita kana yaro, yau ka ce ta Ba'indiye ce? Ni na ce an ba su, mutane sun tauna goro. So kake in bi su in ce su tofar?"

"Ni zan mai da goron, Baba."

"To tahi ka mai da. In ka dawo ka gaya mini ko ɓera ya hi ɗiyar mutane."

Maganar ƙarshen nan ta Baba Ilu, tawa ce ya faɗa. Ita ce a bakina, kunya ta hana ni.

Washegari Malam ya sayi sabon goro muka tafi Ruwan Godiya. A tsawon rayuwata ban taɓa jin an mai da goron roƙon magani ba, kafin nan ko bayan nan. Malam Sani ya dubi ƙwaryar ya tashi ya bar zauren. Malam ya nemi iso ya shiga cikin gida, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Yaya, labule a tsakaninsu. Ranar ce kaɗai na ji sun yi magana da ta wuce gaisuwa. Ya gaya mata duk abin da ya gaya wa Baba, bai rage ba.

Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Malam, su ɓerayen, ana tambayarsu kafin a ba su?"

"A'a, Yaya."

"To ni ga shi ina da baki, na ce a ba ni."

"In na ba ki, zai iya ɗauke ki kafin lokacin da ciwon zai kai, kuma da wahalar da ta hi wagga. Na ga yadda suke mutuwa."

"Ni ma ai can na nufa."

"Haka ne. Amma ba ta hannuna ba."

Ta yi 'yar dariya, numfashinta na sarƙewa. "Hannunka ka ji wa tsoro ke nan, ba ciwona ba. Tashi ka tahi, Allah ya ba marasa lafiyarka sauƙi." Da ya fita ta juyo gare ni ta ce, "Da na san haka ne da na fito da wutsiya."

Ban bi shi gida ba. Na zauna jinyarta har kaka. Kullum in na wanke wurin na canza tsumma, sai in tuna diddigar katakon nan mai tsabta. In zafi ya hana ta sakat ina mata fifita, sai in tuna na'urar da ke hura wa ɓera sanyi. Da hannuna na daka abin, da ƙarfin da ita ta ciyar da ni na samu, aka kai wa dabbar da muke kashewa da tsintsiya a rumbu. Ta rasu ana yankan gero, da hankalinta, ta yi wa 'ya'yanta wasiyya ɗaya bayan ɗaya, ta cika da kalmar shahada. Malam ya zo jana'iza, aka bar shi a sahun baya. Baba Ilu bai ƙara sa hannu a kwano ɗaya da shi ba har ya bar duniya. Ni na koma ɗakina, ina dafa masa abinci, ina amsa sallamarsa, amma ban sake taɓa saiwar nan ba. Wasu mata ya riƙa ba dakan. Kuma bai ƙara kawo zancen ɓera gida ba, ya zama in ya zo ba shi da abin faɗa. Wannan ma ya ƙona mini rai, don na san can yana magana.

Bayan wasu shekaru kuɗin ya ja baya. Mota ta daina zuwa, Dakta ya koma ƙasarsu, aka rage ma'aikata, Malam ya dawo Pauwa ya kama fartanya. Na tambaye shi inda garin ya ƙare. Ya ce bai sani ba, wataƙila wasu a wata ƙasa sun ɗora daga inda suka tsaya, wataƙila kuma an gano ba shi da amfani an bar shi, irin wannan aikin haka yake, a gwada da yawa kafin ɗaya ya tsira. Ya faɗa ba tare da ɗaci ba. Ni ce na ji ɗacin. Ashe abin da aka ɓata zumunci a kansa ko sunansa ba za a ƙara ji ba.

Yanzu nakan zauna in ce, da Malam zai leƙo ya ga zamanin nan, me zai ce? Dajin da ya sani kamar tsakar gidansu ya gagari mutane, mai neman saiwa ba ya kusantarsa, mu kanmu mun baro ƙauye mun dawo cikin Ƙanƙara. Ranar kasuwa mota za ta tsaya da lasifika, mutum yana rantsuwa kwalba ɗaya tana maganin sankara da sukari da basir, mata suna kwance bakin zane suna saya. A waya ma jikokina suna nuna mini irinsu. Babu mai cewa tukuna. Babu mai cewa ban sani ba. Na san da yana nan da ya tsaya gaban motar nan ya yi ta tambayar a kan me aka gwada, har a taru a ce tsohon ya ruɗe. Na kuma san da Yaya tana nan da ta saya, ni ce ma zan miƙa kuɗin. Ciwo in ya kai inda ya kai, wanda ya ce maka ga shi ya fi wanda ya ce dakata daɗin gani, ko da ƙarya yake.

Abin da ya bari bai da yawa. Gona ce, da 'ya'ya, da wata ɗabi'a da ta bi su: a gidan nan ba mai ba wani abin da bai san iyakarsa ba, ko ganye ne. 'Ya'yan Yaya sun daɗe ba sa taka ƙofarmu, sai da babbar ta yi jinyar kishiyar uwar mijinta da aka ɗura wa wani haɗi cikinta ya kumbura, sannan ta zo da kanta ta gaishe ni, ba ta ce komai a kan da ba, ni ma ban ce ba. Ban ce Malam ya yi daidai ba. Shekarun nan duka na kasa faɗin haka, na kuma kasa faɗin akasinsa.

Ciwon sukari ne ya kwantar da shi a ƙarshe. Wata rana da hantsi na fito da shi rumfa ina shafa masa man shanu a ƙafa, sai tambayar da na daɗe ina riƙewa ta kuɓuce mini.

"Malam, da ni ce fa?"

Bai tambaye ni wace magana nake nufi ba. Ya dubi kajin da ke tono, sannan ya ce, "Da ke ce da na sato shi. Da na ba ki da hannuna, ina sane da abin da zai iya yi miki. Shi ya sa ban daina gode wa Allah ba da bai jarrabe ni da ke ba."

Na ji daɗi a ranar, har na juya baya don kada ya ga fuskata. Sai da ya rasu ina cikin takaba, ba aikin yi sai tunani, na juya maganar ta ɗaya gefen. A kan Yaya ya tsaya da hankalinsa, ya ɗauki zagi da ƙiyayyar gidansu don ta mutu a natse cikin 'ya'yanta. Ni kuwa da ya miƙa mini abin da ke kashe ɓera, don kawai ba zai iya kallona ya ce a'a ba. Daga ranar kishin ya tashi daga kan ɓerayen ya koma kan yayata, wadda ta goye ni, tana kabarinta. Har yau ban san wadda ya fi kyautata wa a cikinmu ba, kuma wanda zan tambaya ba ya nan.

Allah ya gafarta musu, ya haskaka makwancinsu. In na idar da salla ita nake fara ambata, don ita ce babba. Amma a kansa nake daɗewa.